Zulai'atu a Jirgin Tudu

Duk wanda ya saba zuwa kwatar kifi ta Yelwa da hantsi ya san Zulai'atu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke tsallako da bandar kifi daga gungu, tsibirin nan na tsakiyar ruwa, ita kaɗai a kwalekwale, ba inji, ba ɗan rakiya. A gungun aka haife ta, a gidan masunta. Innarta ta shiga jirgi da ita tun tana goye, ta damƙa mata filafili tun filafilin ya fi ta tsawo. Ta yi firamare ta bari, ta auri Ya'u mai gyaran injin jirgi, ta dawo Yelwa da zama, ta haifi 'ya'ya huɗu, amma ba ta rabu da ruwa ba. Da asuba ta tsallaka ta saro kifi, da hantsi ta dawo. Ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma iya ciniki mai tsawo ba. In ta faɗi kuɗin kwando, ka ɗauka ko ka matsa.

Abu guda ke sa ta dariya har haƙoranta su fito, shi ne tseren jirage na Rigata. Matan kwatarsu suna da jirginsu na tsere, dogo siriri, kuma shekara da shekaru Zulai ce a goshinsa. Mai goshi ita ke ba da bugu. Duk matan da ke bayanta ba ruwa suke kallo ba, kafaɗarta suke kallo. Ta ɗaga su ɗaga, ta soka su soka. In ta yi sanyi jirgi ya yi sanyi, in ta rikice filafilai su sarƙe da juna, jirgin kuwa bai da faɗin da zai yafe wa kowa.

Sai ƙari ya fito mata a ciki. Ta ɓoye shi ƙarƙashin zane kamar yadda mata ke yi, tana ta zubar da jini tana tuƙi, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a kan kwandunanta a kwata. Aka kai ta asibiti, Ya'u ya ba da jininsa, aka yi mata aiki aka cire. Ta yi watanni a kwance. Rigatar shekarar ta ji ta ne daga tabarma, gangunan suna shigowa ta taga, aka kuma zo aka ce mata Halimatu ce ta zauna a goshi. Halimatu ƙanwar Ya'u ce, ciki ɗaya, yarinya mai jini a jika da baki kamar reza.

Da Zulai ta fara fita, sai ta tarar an riga an gama da ita. Ba a cewa ta warke, sai dai a ce an tsaga ta. Matan da ta sha tsallakar da su kyauta ran kasuwa su ne masu karkatar da kai suna cewa tulun da ya tsage, ko an liƙe shi, ba a zuwa rafi da shi. To, maza nawa aka yi wa aikin gwaiwa a garin nan suka koma jan taru, ba wanda ya kira su tulu? Ba adadi. Amma mace a taɓa mata ciki da wuƙa, shi ke nan ta zama kayan ajiya, a gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa kamar mai takaba. Ma'aikaciyar asibitin da ke duba ta ta ce ɗinki ya kama, ta koma aiki a hankali. Ba wanda ya ɗauki wannan ya yaɗa. Ba shi da daɗin faɗi.

Da baƙin ruwa, cikar kogi ta lokacin sanyi, ya fara isowa, tafki ya cika, aka soma zancen Rigata, Zulai ta tafi gidan Magajiya Mairo. Magajiya ita ce uwar matan kwata, tsohuwa mai tabon ƙugiya a hannu, ita ke cewa wance ta shiga jirgi, wance ta tsaya a tudu. Zulai ta gaishe ta, ta ce ta zo ne a kan mazauninta. Magajiya ta bar ta ta gama, sannan ta ce ba ta musun ƙarfinta na da, amma jirgin nan uwayen 'ya'ya ne cike da shi. In jiri ya ɗebi mai goshi a tsakiyar ruwa, ba ita kaɗai za ta tafi ba. Zulai ta ce to a gwada ta. Magajiya ta ce da wa za a gwada, da rayukan mutane?

Halimatu na gefe tana gyaran gyaɗa, ta ɗago kai.

"Matar Yaya, ki zauna gida ki sha romo mana. In mun ciwo, ni da kaina zan kawo miki tutar ki taɓa."

"Ke da kika ciwo bara ko? Na ji an ce na huɗu kuka zo, cikin jirgi biyar."

"Na biyar ɗin ai naki ne, yana kan tabarma."

Wasan ƙanwar miji ne, kowa ya yi dariya. Zulai ma ta yi, amma kunnuwanta sun yi zafi.

Halimatu ce kuma, cikin wasan nata, ta kawo zancen jirgin tudu. Wata ƙungiyar wasannin ruwa ta kawo injinan tuƙi guda huɗu ta ajiye a ɗakin taron wata makarantar 'yan mata, aka damƙa su hannun Malama Lami mai koyar da motsa jiki. Halimatu ta ce ga jirgin da ya dace da matar Yaya can, ko ta faɗi ba ta nutsewa. Zulai ta cafke maganar tun ba ta kai ƙasa ba. Ta ce ta yarda. A haɗa su a kan injin, ita da Halimatu, gaban matan kwata. In ta riga ta, ta kuma miƙe da ƙafafunta ba wanda ya kama ta, goshi nata ne. In ba haka ba, ba za ta ƙara ɗaga zancen ba har ta mutu. Magajiya ta ce a bar shi sai ana saura kaɗan Rigata.

Ran da Zulai ta fara ganin abin sai da ta yi tsaki. Dogon ƙarfe ne a kwance, da 'yar kujera mai zamiya a kansa, da wurin ɗaure ƙafa, da sarƙa mai mariƙi. A gaba akwai fanka cikin keji, in ka ja sarƙar ta yi huci. Wai kuma da baya ake tuƙin. Ta hau, ta fizgi mariƙin da hannu da gadon baya yadda ta saba da filafili. Malama Lami ta ce ba haka ba, da ƙafa ake turawa, hannu na ƙarshe ne. Zulai ta dube ta sama da ƙasa. Kowa ya san Malama ba ta shiga kwalekwale sai da rigar ruwa, tana riƙe da gefe tana addu'a. Wannan ce za ta koya wa 'yar gungu tuƙi?

Ba ta kai ko'ina ba numfashinta ya ƙare. Ɗakin ya juya, ta sauko da rarrafe, ta yi amai a bakin ƙofa. Malama ba ta ce ai na gaya miki ba. Ruwa ta miƙo mata, ta ce jikin da ya yi watanni a kwance ba ranar farko ake tambayarsa ba, kuma cinyoyinta ne suka fi komai lalacewa, su za a fara tasarwa.

Nan fa Zulai ta shiga hawa da saukar gangaren kwata kullum bayan sallar asuba. Sai aka fara nuna ta, wai mace tana hawa tana sauka ba kaya a kai, ko dai aikin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Don ta rufe bakuna sai ta ɗora daro a ka, da fari wayam, daga baya ta riƙa zuba yashi a ciki tana ƙarawa. Mai ɗauke da kaya ba a tambayarta ina za ta. Ta dage da hanta da zogale da kunun gyaɗa. Da la'asar, in ɗalibai sun tashi, ta sa wandon Ya'u a ƙarƙashin hijabi ta je ta hau injin. A hankali ta yarda da zancen ƙafa, don ta ga in ta tura da diddige cikin ba ya ja mata kamar in ta fizga da baya.

Ya'u bai hana ba, bai kuma ce madalla ba. Yana tsakanin mata da ƙanwa, ya zaɓi shiru. Sau ɗaya dai, da ya ga tana dafa bango kafin ta zauna, ya ce shi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin aiki ran nan, ba ya son ya sake tsayawa. Ta ce ta ji. Washegari ta ɗauki daronta.

Ƙafa ta samu, numfashi ya dawo, amma akwai abin da ya rage, kuma shi ne babba. Duk wanda ya tashi a ruwan nan ya san yadda ake cin tsere. Daga wurin tashi akwai wata 'yar hanya tsakanin tudun yashi da ciyawa, inda ruwa ke gudu. Jirgin da ya riga shiga nan, ruwa ne zai ɗauke shi, sauran su yi ta fama a baya. Saboda haka da an buga ganga kowa ke zuba duk ƙarfinsa, a kama hanya tukuna, hutu ya zo daga baya. Haka kakanni suka yi, haka ke cikin kafaɗar Zulai ko tana barci. Duk ran da Malama ta ce a gwada tsere, sai Zulai ta fizga kamar mai gudun dorina, kafin rabi ta mutu murus, gefen ɗinkin yana zuga.

Malama ta ce mata wannan ƙarfe ba ya da hanya, ba ya da ruwan da zai ɗauki kowa. Abin da ka zuba da fari ya tafi, ba mai biyanka. Ta ce ta gaya wa Halimatu haka ita ma, ran da ta leƙo ta gwada, yarinyar ta yi dariya ta ce Malama ta bari sai ta iya iyo. Malama ta tambayi Zulai da wane bugu take tsallakowa daga gungu da kaya. Zulai ta ce wannan ai ba bugun tsere ba ne, na neman abinci ne. Malama ta ce shi take so, a ɗan ƙara masa gishiri kawai, a riƙe shi daga farko har kusan ƙarshe.

Faɗi da sauƙi. Sai da Zulai ta yi ta cije leɓe tana danne kafaɗunta kamar mai riƙe da akuya, kafin ta iya tashi ba fizga. Ko a hakan ba kullum take iyawa ba. Kuma a ɗaki ne wayam, ba ganga, ba ido.

Ranar ta zo, wata Asabar da safe. Matan kwata suka cika ɗakin taron, da goyo da tabarmi, har da mai ganga mace. Aka tada janareta. Malama ta haɗa injinan da talabijin a bango, ta bayyana cewa kowane inji yana da ɗan jirginsa a ciki, duk wanda ya ja, nasa ya matsa. Nisan kilomita biyu ne. Don kada inji biyu su zauna banza aka ɗora wasu matan jirgi guda biyu, su ma su nuna kansu. Magajiya ta ƙi tabarma, ta sa aka kawo mata kujera ta ajiye dab da injin Zulai.

Kafin ta fito daga gida Zulai ta ɗaure cikinta da farin ƙyalle, ta zagaya shi tam. Ta hau injin ta ɗaure ƙafafunta. Halimatu, a injin da ke kusa, ta karkato.

"Matar Yaya, in kin ji jiri ki faɗa ta wancan gefen. Ni ba ni iya ɗaukar ki."

Zulai ta kama mariƙi.

Malama ta busa usur, mai ganga ta saki hannu. Fankoki uku suka ɗauki ruri lokaci guda. Kafin a ce kwabo jiragen nan uku sun yi gaba a talabijin, na Halimatu a kan gaba, na Zulai can baya shi kaɗai kamar wanda aka manta a kwata. Ɗakin ya kaure da guɗa. Gangar tana shiga ta kunnenta tana sauka a kafaɗa, kafaɗar tana cewa fizga. Ta tura da ƙafa, ta jingina, ta ja, ta dawo a hankali. Ta sake.

Ba masu yi mata dariya ne suka fi ci mata rai ba. Nata ne. Ƙawayenta da suka zo dominta suka matso suna ce mata ta ja mana, ta tuna ko ita wace ce. Wata ta ce wayyo, ashe da gaske ta ƙare, wata ta ce a sauke ta haka nan kada a ci mata mutunci. A gaban idon mutanen da suka yi shekaru suna kallon bayanta, yau ita ce a bayan kowa, kuma da gangan, ba ta da bakin da za ta bayyana. Sau ɗaya hannunta ya ƙwace ya fizga, nan take ɗinkin ya amsa. Ta dawo da bugun. Ta kalli gefe, sai ta ga Magajiya ba talabijin take kallo ba. Cikinta take kallo.

Wajen rabi rurin fankokin ya fara sauka. Ɗaya daga cikin matan biyun ta saki mariƙi ta kifa kai a gwiwa. Ɗayar tana ja, amma ja ne na mai ɗebo ruwa a rijiya mai zurfi. Jirgin Zulai ya zo ya wuce su, bai ƙara gudu ba, bai rage ba. Guɗar ta tsaya. Mai ganga ma ta rikice, ta rasa wa take yi wa kiɗa.

Saura Halimatu, ita kuwa ba ta mutu ba. Yarinya ce, ƙarfinta na gaske ne. Bakinta a buɗe, ɗankwali ya zame, tana jira ruwa ya ɗauke ta kamar yadda ya saba, ruwa bai zo ba, amma ta ƙi saki. Ratar da ta tara da fari tana da yawa. Zulai tana cin ta kaɗan-kaɗan, layin ƙarshe kuma ya riga ya bayyana a gefen talabijin. Ko ba a gaya mata ba ta ga bugun gungu ba zai kai ta ba. Malama ta durƙusa kusa da ita ta ce mata ƙasa-ƙasa, yanzu.

Zulai ta saki abin da ta yi ta dannewa. Cinyoyinta suka kama wuta, maƙogwaronta ya bushe, fankarta ta ɗauki kukan da ba ta yi ba tun safe. Goshin jirginta ya taɓa wutsiyar na Halimatu, ya kai tsakiya. A nan ta ji wani abu mai ɗumi ya tsarto ƙarƙashin ƙyallen, ya gangara mara. Zufa ce ko jini, ba ta sani ba, ba kuma halin dubawa. In ta tsaya, ta gama wa kanta. In ta ci gaba kuma abin ya buɗe, a gaban Magajiya zai buɗe. Fuskar Ya'u ta gilma mata. Ta rufe ido ta tura, ta sake turawa, ta daina ƙirga komai.

Ihun ɗakin ne ya gaya mata an gama. Ta buɗe ido. Jirginta ya riga na Halimatu shiga da abin da bai fi tafin hannu ba. Halimatu ta zame daga kujera ta kwanta rigingine a siminti, ƙirjinta na hawa da sauka.

Mata suka yo kan Zulai za su ɗaga ta, Magajiya ta tsare su da hannu ɗaya. Sharaɗi bai cika ba. Zulai ta kwance ƙafafunta, ta dafa gwiwa. Ƙasa ta yi nisa, ta dawo. Ta miƙe. Ta tsaya, tana riƙe da hijabinta nesa da jiki don kada ya manne.

Magajiya ta lura da hannun. Ta tashi ta ce Zulai ta biyo ta, ita kaɗai. Suka shiga ɗan ɗakin da ake ajiye ƙwallaye, tsohuwar ta tura ƙofa da ƙafa.

"Kwance."

"Magajiya, na riga ta, na kuma miƙe."

"Na gani, ɗiyata. Kwance."

Zulai ta ɗaga riga ta warware ƙyallen, zagaye bayan zagaye. Na waje jiƙe yake sharkaf, fari. Na ciki yana da ja, kamar faɗin kwabo. A waje ana ta buga ƙofa ana tambaya ko lafiya.

Magajiya ta durƙusa da ƙyar, ta goge wurin da bakin zanenta, ta ja Zulai kusa da taga. A ƙarshen tabon, inda gefen ƙyallen ya yi ta gurza, fata ta saluɓe. Tsohuwar ba ta tsaya nan ba. Ta sa babban yatsa ta bi ɗinkin tun daga wannan gefe har wancan, tana dannawa ba tausayi, idonta a kan fuskar Zulai. Ta ce ta yi tari. Zulai ta yi. Ta ce ta ƙara, da ƙarfi. Ba abin da ya turo, ba abin da ya motsa.

Magajiya ta naɗe ƙyallen, jan a ciki, ta cusa a lalitarta. Ta ce ran Litinin za su tafi asibiti tare, ita da ƙafarta, ta ji daga bakin masu aikin. In sun ce fata ce kawai, to Zulai ta fito da filafilinta. Halimatu kuma a bayanta za ta zauna, gwiwa da baya, kuma duk ran da ta ga kafaɗar nan ta karkace ko a wurin gwaji ne, a take za a sauya, ba sai an zo gidanta ba.

Zulai ta ce ta yarda. Ba ta yi godiya ba, Magajiya ma ba ta jira godiyar ba. Ta buɗe ƙofa, matan suka yo ca, Halimatu a gabansu tana dafe da ƙugu, har yanzu numfashinta bai daidaita ba.

"Mi ya faru? Magajiya, jini ne?"

"Zufa ce," in ji Magajiya. "Ku ba mutane hanya. Wata ta kawo mata ruwa, ku kuma ku naɗe tabarmin nan, makarantar mutane ce."